Kafin Ku Ce a Canza Kamfanin Intanet

Ƙannena, a yawancin gidajenmu yanzu idan intanet ya fara tafiyar hawainiya, ku ake nema. Baba ne ke cire kuɗin wata daga aljihunsa, ko Mama daga ribar sana'arta, amma da zarar bidiyo ya tsaya yana ta juyawa sai a ɗaga murya: "Ina yaron nan? Zo ka duba mana abin nan." Ka zo ka kashe, ka kunna, ka ga babu canji, sai ka yanke hukunci nan take: "Baba, kamfanin ne ba shi da kyau, a canza kawai." Da yake an yarda kai ka san kan abin, ba mai yi maka musu. A sayi sabuwar rauta, a zuba sabon kuɗi, a yi murna na 'yan kwanaki, daga nan a koma gidan jiya.

Wannan yarda da iyaye suka yi muku amana ce, kuma dukiyarsu ce ake kashewa da bakinku. Shi ya sa nake so mu yi maganar a natse. Wani lokaci canza kamfani shi ne daidai, kuma zan zo kansa. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku furta hukuncin sai kun gano inda jinkirin yake zaune, domin yana iya kasancewa a cikin ɗakinku, ko a kan ƙarfen sabis na unguwarku, ko can a ƙarƙashin teku inda babu kamfanin da za ku koma ku tsira.

Ku fara da awo. "Sabis ba kyau" magana ce da ba a iya kai ta ko'ina, amma lamba ana iya ajiye ta a gaban kowa. Akwai manhajar Speedtest ta kamfanin Ookla, akwai shafin fast.com na Netflix, duka kyauta ne. Za su nuna muku saurin saukewa, da saurin ɗorawa, da kuma abin da ake kira ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da milisakan. Ku tsaya kusa da rauta ku gwada bayan sallar asuba, ku sake da azahar, ku sake bayan isha'i lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu. Ku yi haka har mako guda, kuna rubuta rana da lokaci da lambobin a bayan littafi. Idan akwai kwamfuta a gidan, ku haɗa ta da rauta da kebul ku gwada, domin wannan ne zai nuna ainihin abin da kamfani ke turo muku kafin bango da nisa su ci rabonsu. Ku dai sani gwajin da kansa yana cin data, don haka ba abin yi kowane minti goma ba ne.

Akwai wani lissafi da ke jawo wa kamfanoni zagin da ba su ci ba. Saurin da suke tallatawa da megabit ne a sakan, shi kuwa girman fayil da megabait ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Idan aka sayar muku da saurin megabit 20, abin da za ku gani yana sauka a allo bai wuce megabait 2.5 a sakan ba, kuma fim mai gigabait 1 zai ɗauki kusan minti 7. Wanda bai san wannan ba zai rantse an cuce shi alhali an ba shi abin da ya biya. Haka kuma bukatar gida ba ta kai yadda talla ke nuna muku ba. YouTube ya ce megabit 5 ya isa kallon bidiyo mai kyau na 1080p, 2.5 ya isa na 720p, sai 4K ne ke neman 20. Taron bidiyo na Zoom bai cika wuce megabit 4 ba. Gidan da mutum huɗu ke amfani a lokaci ɗaya, idan yana samun megabit 20 tsayayye dare da rana, ya fi gidan da ke samun 100 da asuba ya faɗo zuwa 2 da magariba. Ni a wurina tsayuwar sauri ta fi yawansa daraja nesa ba kusa ba.

Kada ku manta da lambar ɗorawa, ita ce aka fi raina wa. Yayarku da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, tana ɗora bidiyon kaya a sitatus kullum, matsalarta a ɗorawa take. Haka ɗalibin da ke tura aiki a shafin makaranta saura minti biyar a rufe, haka mai kiran bidiyo da ake ce masa "muryarka na yankewa" alhali shi yana jin kowa sarai. Idan wannan ce damuwar gidanku, to ita za ku sa wa ido, a wurin kamfanin da kuke da kuma wanda kuke tunanin komawa.

Idan awon kusa da rauta ya nuna lamba mai kyau amma a ɗaki abin ya ƙi, to kamfani ya fita, matsalar ta gida ce. Na taɓa shiga gidan wani ɗan'uwa da ya gama shirin canza kamfani, har ya sa an yi masa cinikin sabuwar na'ura. Na ce ya nuna mini inda tsohuwar take. Sai ya buɗe wata durowa a ƙarƙashin talabijin, ga ta nan a kwance cikin wayoyi, a bayanta dikoda, a gefenta sitabilaiza, jikinta da zafi sosai, ƙura ta toshe ramukan shan iskarta. An ɓoye ta ne don kada yara su taɓa. Muka ciro ta, muka kaɗe, muka ɗora a kan kanta kusa da tagar da ke kallon ƙarfen sabis. Fitilar sigina da ke ja ta koma kore, kuma a daren aka yi kiran bidiyo da 'yarsa da ke karatu a waje ba tare da yankewa ba. Ko sisi ba a kashe ba.

Gine-ginenmu ba sa taimakon Wi-Fi. Bulon siminti, dakin da aka zuba da rodi, ƙofar ƙarfe, rufin kwano, da katangar ƙasa mai kauri ta gidajen cikin birni, duk suna shanye sigina. Gidan da aka yi shi sashe-sashe, rauta tana falon maigida kusa da zaure, ɗakin Mama na can ƙurya bayan tsakar gida, ko wane kamfani aka kawo labarin ɗaya ne. Maganinsa a matso da rauta tsakiyar gida, a ɗaga ta sama, ko a ja kebul zuwa ɗaya sashen a sa ƙaramar rauta ta biyu. Yawancin rautocin yanzu suna watsa sigina iri biyu, na 2.4 da na 5 gigahaz. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, sai dai ya fi cunkoso domin rautocin maƙwabta duk a kansa suke. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa. Wanda ke ɗaki ɗaya da rauta ya hau na 5, na ƙurya ya zauna a 2.4. Ku lura, wannan 5 ɗin daban yake da 5G na kamfanonin waya, mutane da yawa na rikita su. Zafin watan Maris da Afrilu ma yana gajiyar da na'ura, haka wutar da ke zuwa rabi-rabi, haka cajar da aka sayo a bakin titi aka maye gurbin ta asali da ita.

Sai maganar kalmar sirri, wadda ta fi kowacce nauyi a baki. An ba aboki ranar da ya zo hira, shi ya ba ƙaninsa, ƙanin ya ba 'yan majalisar ƙofar gida, kuma wayoyin yanzu suna iya raba ta da hoton lamba ba tare da an faɗa ba. Ku shiga shafin rauta, adireshinsa na rubuce a ƙasanta, ku ƙirga na'urorin da ke kai. Idan gidanku waya takwas ce kuka ga ashirin, kun samu amsa. Ba ina hana ku kyauta ba ne, taimakon maƙwabci abu ne mai lada. Amma kyauta da dukiyar mahaifi sai da saninsa. Ku gaya masa, idan ya yarda a buɗe wa baƙi layi na daban mai iyaka, rautoci da yawa suna da wannan tsarin. Ku kuma duba wayoyin gidan kansu, domin wata tana can tana kwashe hotuna zuwa Google, wata tana sabunta manhajoji, wata tana sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp na dangi da na 'yan ajinsu, masu su ba su ma sani ba.

To idan kun gyara gida tsaf, kuma littafinku ya nuna da asuba sauri lafiya lau amma daga magariba zuwa sha ɗayan dare ya faɗi warwas, wannan cunkoso ne. Abin da yawancinmu a Arewa muke kira intanet na gida, layin waya ne aka sa a cikin rauta ko MiFi, yana jan sabis daga ƙarfen da duk wayoyin unguwa ke ja. Kamar famfon unguwa ne da tanki ɗaya ke ba shi ruwa: wanda ya je da sassafe ya cika bokitinsa nan da nan, wanda ya je lokacin da kowa ya buɗe nasa sai ya yi ta jiran ɗigo. Sandunan sigina da kuke gani a cike ƙarfin isowar siginar kawai suke nunawa, ba su faɗin mutum nawa kuke rabawa da su. Unguwannin da suka cika da sauri a gefen Kano da Kaduna da Abuja sun fi shan wannan wahala, domin gidaje sun riga turakun sadarwa yawa. A nan kam canza kamfani na iya yin amfani, idan ɗayan yana da ƙarfe kusa da ku wanda bai cika ba. Sai dai ku sani yawancin turakun ƙasar nan ba na kamfanonin waya ba ne, na kamfanonin haya ne irin su IHS, kuma sau da yawa kamfani biyu ko uku na rataye a ƙarfe ɗaya. Ranar da dizal ya ƙare a injin wurin, ko aka sace batura, tare za su ɗauke.

Daga ƙarfen kuma tafiyar ba ta ƙare ba. Wayar fayiba ce ke ɗaukar saƙonku a ƙarƙashin ƙasa, ta bi gefen titi har Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano, domin a can ne yawancin manyan kebul na ƙarƙashin teku suka sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022. Duk inda katafila ta haƙa titi ko magudanar ruwa a wannan doguwar hanya tana iya datse wayar, ban da ɓarayi da masu ɓarna. Abin ya yi yawa har a 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne. Ina faɗa muku wannan ne don ku san mu da ke nesa da teku hanyarmu ta fi tsawo, wuraren da za ta iya yankewa sun fi yawa.

Wasunku za su tuna ranar 14 ga Maris 2024. Kebul huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya durƙushe a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yammacin Afirka, manhajojin bankuna suka ƙi buɗewa, masu POS suka zauna zugum, kuma gyaran ya ɗauki makonni domin sai da jiragen ruwa na musamman suka zo. Wanda ya fusata a makon ya je ya sayi sabuwar na'ura bai sayi komai ba sai asara. Saboda haka idan sabis ya lalace kwatsam bayan ya daɗe yana lafiya, ku fara tambayar maƙwabta da abokai masu wani layin, ku saurari labarai. Matsalar da ta zo rana ɗaya ta game kowa, haƙuri take so. Wadda ta daɗe tana maimaita kanta kowane dare a gidanku, ita ce ake ɗaukar mataki a kanta.

Akwai wani jinkirin kuma da littafinku zai tona: sauri lafiya a farkon wata, sai wajen ranar 15 ko 20 ya faɗi ya ƙi tashi ko da asuba. Wannan yawanci sharaɗi ne da aka sa hannu a kai ba a karanta ba. Tsare-tsaren da ake tallatawa da sunan data mara iyaka, mafi yawansu suna da adadin gigabait da idan aka kai shi za a rage saurin zuwa ƙasa sosai har wata ya ƙare. Yana nan a rubuce da ƙananan haruffa. Kuma gida yana kai wannan adadi da wuri fiye da yadda ake zato. Bidiyon da ke jan megabit 5 yana cinye fiye da gigabait 2 a awa ɗaya. Ku lissafa talabijin da ake kunna wa yara katun tun safe, da mai bin fina-finan Kannywood masu dogon zango, da mai kallon ƙwallo. Idan wannan ce cutar, rage kyan bidiyo zuwa 720p a wayoyi zai yi aiki, domin a ƙaramin allo bambancin ba ya ko ganuwa, ko kuma a hau tsarin da ya fi girma. Komawa wani kamfani mai irin wannan sharaɗin ba zai canza komai ba.

Yanzu a ce kun yi duk wannan, kuma ta tabbata kamfani ne ba ya ba ku abin da kuka biya. A nan nake so ku bar wata ɗabi'a tamu ta cewa "haka ƙasar take" a yi shiru. Haƙuri halin kirki ne, amma barin haƙƙin gidanku ba haƙuri ba ne. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, bisa cewa za su inganta aiki. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin a samu aƙalla megabit 25 a birane, 10 a karkara. Wanda ya biya ƙarin yana da bakin tambaya. Ku kira kamfanin, lambar 300 ce a duk layukan waya tun da aka daidaita gajerun lambobi a 2023, ko ku je ofishinsu. Ku karanta musu abin da kuka rubuta: ga ranaku, ga lokuta, ga lambobi, ga abin da na gwada a gida. Ku nemi lambar ƙorafi ku adana ta. Idan lokacin da suka ɗiba ya wuce ba a gyara ba, ku kira NCC a 622, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan za su fara tambaya. Ina roƙonku da ladabi a wannan kira. Wadda ta ɗauki wayar ma'aikaciya ce, wataƙila sa'arku, ba ita ta girke ƙarfen ba, kuma wanda ya zo da hujja cikin natsuwa an fi saurin tura maganarsa gaba a kan mai zagi.

Idan an kai ƙara an jira ba a ga gyara ba, to ku tafi, kuma kada ku ji nauyin kowa. Babu zumunci tsakaninku da kamfani, ciniki ne. Amma tambayar "wane kamfani ya fi kyau a Najeriya" ba ta da amsa, kuma duk wanda ya ba ku amsarta labarin unguwarsu yake ba ku. Layin da ke gudu a Nasarawa GRA yana iya kasa buɗe hoto a Rijiyar Zaki, kai ko a layi ɗaya gidan da ke bayan bene yana iya bambanta da na gabansa. Maƙwabcin da kuke katanga ɗaya shi ne malaminku. Ku tambaye shi yadda nasa yake da daddare, da lokacin ruwan sama, da kwana nawa aka ɗauka kafin a gyara masa ranar da ya lalace. Ku ari MiFi ɗin aboki, ko ku sa layin kamfanin a waya, ku sayi ƙaramar data ta mako, ku maimaita awon nan a ɗakin da za a yi amfani da shi, a lokutan da tsohon ke ba ku kunya. Gani ya kori ji.

Ra'ayina a kan zaɓin da ke gabanku shi ne, idan wayar fayiba ta iso layinku kuma maƙwabta sun shaidi masu ita, ku fifita ta. Ba ta damu da cunkoson ƙarfen sabis ba, ping ɗinta ƙasa ne, ɗorawarta da ƙarfi. Rauninta ɗaya ne, in an datse waya sai an zo an ɗinke, don haka darajar kamfanin fayiba tana ga masu gyaransa: suna da ofis a garinku, ko sai an turo mutum daga wani gari? Abin takaici, unguwannin da ta isa a Arewa ba su da yawa har yanzu, kuma ina fatan shirin shimfiɗa kilomita 90,000 da gwamnatin tarayya ta sanar a 2024 zai iso mu da gaske. Shi 5G, wanda MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo a 2023, yana da sauri ƙwarai a inda ya kai, amma bai kai ko'ina ba, kuma rautar 5G a unguwar da babu shi 4G za ta riƙa ja, an biya kuɗin banza ke nan. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka, kuma taurarinsa na shawagi a nisan kusan kilomita 550. Ga makaranta ko asibiti ko gona a inda babu ƙarfe babu waya, alheri ne babba. Amma kayansa da kuɗin watansa sun fi ƙarfin yawancin gidaje, yana son sararin sama a buɗe ba bishiya ba bene, yana son wuta tsayayya, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi. Kada ku matsa wa mahaifinku ya saya don kawai an ga farantin a rufin gidan wane.

Kafin a miƙa kuɗi akwai tambayoyin da dole a yi su baki da baki, a kuma nemi amsar a rubuce. Na'urar ta zama taku ko aro ce da za a karɓe in kun bari? A kulle take da layinsu kaɗai, ko tana karɓar kowane layi? Wannan na da muhimmanci, domin gidaje da yawa suna da tarin rautoci a durowa, kowace ta kamfanin da aka bari, ba mai amfani. In da hali, rauta buɗaɗɗiya mai karɓar kowane layi ta fi, ko da ta ɗan fi tsada, saboda gobe in za a sauya layi kawai za a cire. Gigabait nawa ne kafin a rage sauri, kuma zuwa nawa ake ragewa? Datar da ta rage tana bin ku zuwa wata mai zuwa? Kuɗin haɗawa nawa ne, kuma ana mayarwa in abin bai yi aiki a gidan ba? Duk garaɓasar da za a yi muku, kada ku biya kuɗin wata shida ko shekara a karon farko. Ku biya na wata ɗaya ku ga kamun ludayinsu, musamman bayan datar kyauta ta sababbin shiga ta ƙare, domin a nan ne ainihin farashin ke fitowa. Ku lissafa abin da shekara guda za ta ci, da kuɗin na'ura a ciki, ku kwatanta da na tsohon, ku kai wa mai biya ya gani da idonsa kafin a yanke shawara.

Lokacin sauyawa ma a duba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a canza a makon da wani ke rajistar JAMB, ko ke da jarrabawa ta intanet, ko ke jiran ganawar neman aiki ta bidiyo. Ku haɗa sabon tun tsohon yana da sauran kwanaki, su yi aiki tare na ɗan lokaci, in sabon ya ba da kunya kuna da wurin komawa. Kuma ko bayan an sauya, gidan da abincinsa ya dogara da intanet ya kamata ya ajiye layi na biyu na wani kamfani daban da 'yar data a ciki saboda ranar da babban ya ɗauke.

Idan layin wayar hannu ne kuke son sauyawa ba na rauta ba, ba sai kun rasa lambarku ba. Tun Afrilun 2013 ana iya ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani. Mai layin ne zai je ofishin sabon kamfanin da kansa da shaidarsa, a cike takarda, ya tura kalmar PORT zuwa 3232. Sai dai kuɗi da datar da suka rage a tsohon ba sa bin sa, don haka a cinye su tukuna.

Tsohuwar rauta kuma, in za ku kai ta Farm Centre ko wata kasuwar waya ku sayar, ko ku ba wani, ku danna ɗan maɓallin da ke bayanta da tsinke har ta koma yadda ta fito daga kamfani, don sunan gidanku da kalmar sirrinku su goge. Ku cire layin da ke ciki. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, wato wannan ɗan katin yana ɗauke da sunan wanda ya yi rajistarsa, sau da yawa Baba ko Mama, kuma duk abin da wani ya aikata da shi su za a nema. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, saboda haka ku bincika ko an taɓa haɗa lambar da asusun banki, ko WhatsApp, ko imel na wani a gidan. In an haɗa, a je a sauya lambar a can tukuna, sannan a ajiye layin.